Inna Ta Tafi, Wa Zai Juya Baba?

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Inna ta riga mu. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Inna uwar mijina ce. A ɗakin da ke kallon nata na zauna tun ina amarya, a gidanmu na Fagge, har na aurar da 'yata ta fari. Ranar da aka kai ta, tsakar gidanmu ta kasa ɗaukar mata, sai da aka shimfiɗa tabarmi a gidan maƙwabta. Wasu daga Rijiyar Lemo, wasu daga Sabon Gari. Har da wata Kirista 'yar Zariya da ban taɓa gani ba, ta rufe kanta da ɗankwali, ta zauna a bakin ƙofa tana share hawaye. Da na kai mata ruwa ta ce, "Ke ce 'yarta?" Na ce matar ɗanta ce. Ta ce shekarun baya mahaifiyarta ta kwanta a asibitin gwamnati, ita kaɗai ce a kanta, ba ta iya ɗaga ta. Inna da ta je jinyar wata 'yar'uwarmu a gadon kusa, ita ce take kama mata tsohuwar su juya ta.

"Ko sunana ba ta tambaya ba," in ji matar, "sai ranar da aka sallame mu."

Wannan gaisuwar ta sanyaya min rai. Sauran kuwa, Allah ya ba su ladan zuwa, amma kusan kowace magana ɗaya take kawowa.

"Kai, 'ya'yanta sun yi mata gata. Kin ga asibitin kuwa? Ƙasan kamar ka zuba tuwo ka ci."

"Ɗaki ita kaɗai, ga talabijin, ga sanyi. Wallahi ni da na shiga dubiya ban so fitowa ba."

"Ai wanda ya rasu a irin wannan wuri, kwana ne kawai ya ƙare."

Ina amsawa da "Allah ya ba da lada," ina sunkuyar da kai. Can a lungu Iya tana jan carbi. Iya aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata, Bayarbiya haifaffiyar Fagge, mai sayar da manja a Kasuwar Sabon Gari. Duk wadda ta yabi asibitin sai ta ɗago ta dube ni, ni kuma na kawar da ido. Mu biyu ne muka yi wa Inna wanka.

Ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma da girmana na koya, a ajin yaƙi da jahilci. Inna ce take goya min yaro in tafi. In na dawo ta ce, "To malama, me aka karanto yau?" Tana tsokana ne, amma ba ta taɓa barin na fasa zuwa ba. Shi ya sa na ga idan akwai abin da ya cancanci wannan rubutu nawa, ita ce.

A danginmu, in aka kwantar da mutum a asibiti, kafin a nemi mota Inna ake nema. Tana da wata tsohuwar jaka a rataye bayan ƙofa, kullum a shirye: man kaɗanya, sabulun salo, tsummoki masu laushi da ta yanka daga tsofaffin zannuwa, buta, da ƙananan matasai da ta ɗinka da kanta. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma taɓa cewa ta fi likita sani ba. In likita ya ce a yi kaza, ko wa za a ɓata da shi sai an yi.

"Magani nasu ne, 'yar nan," take ce min. "Ni abin da na sani shi ne kwanciya."

In aka tambaye ta, "Inna, asibitin nan yana da kyau?" amsarta ɗaya ce: "Ban sani ba tukuna, ban ga bayan kowa ba." Ba ta kallon fenti ko fitilu. Wanda ya fi kowa daɗewa a kwance take nema, ta gaishe da mai jinyarsa, ta roƙi a bar ta ta taya juyi. In ta ga gadon bayan lafiya lau, a bushe, ba ja ba saluɓa, sai ta ce, "Nan akwai mutane." In ta ga akasin haka, ranar kowa zai ji muryarta.

Don tana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Ta taɓa korar matar wani ɗan'uwa daga jinya a gaban jama'a, wai ta sha jan baki ta zo zaman asibiti. Wata rana kuma ta tare wata nas a asibitin gwamnati saboda wata tsohuwa da aka bari a jiƙe tun safe. Ta faɗa mata maganganu har masu gadi suka fitar da ita. Nas ɗin ta biyo ta bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, ni kaɗai ce a ɗakin nan yau. Hannuna biyu ne. Ki ƙirga gadajen."

Inna ta zauna a gindin bishiya tana huci har la'asar. Daga nan ta sayi kunun gyaɗa ta koma ta ajiye wa nas ɗin.

"Na ƙirga," ta ce. "Sha, sannan ki nuna min yadda ake kama mutum don kar na karya shi."

A wurin wannan nas ta koyi sa matashi tsakanin gwiwoyi, da ɗaga dunduniya kar ta taɓa katifa. Har ta rasu tana cewa, "Malamata ce."

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, wato mijinta, surukina, duk abin da ta koya a waje ya dawo gida. Shekaru yana kwance a ɗakinsa, maganarsa ba ta fita sosai. Ladan ne agogonta. In an kira salla ta juya shi kafin ta yi alwala, tsakanin salloli ma ta leƙa ta sake masa ɓari. Ta goge shi, ta shafa man kaɗanya, ta miƙar da zanen gado har ba sauran ko lanƙwasa ɗaya. In 'ya'yanta suka ce za su taimaka sai ta ce, "Ku tafi nema, kar ku ɓata min aiki." Wani lokaci ina shara sai na ji ta daga ciki tana cewa, "Malam, bayanka ya fi fuskar wasu kyau." Shi kuma ya yi dariyarsa ta rabin baki.

'Ya'yanta biyu ne, duk maza. Babban shi ne Yaya Alhaji, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, sai maigidana, tela ne a nan Fagge. Inna mutuniyar zamanin da ce wajen kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunan Yaya Alhaji, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi hira. "Mutumin Kwari" take ce masa, in tana da saƙo ta bakina yake bi. Matar da ba ta tsoron masu gadin asibiti, in ya yi sallama sai ta ja mayafi ta juya fuska bango.

Ta zame a banɗaki ƙashin ƙugunta ya karye, ga ciwon suga dama. Yaya Alhaji ya rantse uwarsa ba za ta kwanta a ɗakin mutum da yawa ba. Ya kai ta wani sabon asibitin kuɗi ta wajen Sabon Gari. Ya ce ya duba a waya, taurarin yabon da mutane ke ba asibitin sun cika, kuma duk abokansa na kasuwa can suke kai nasu. Niyyarsa mai kyau ce, Allah ya sani. Ƙanin Baba ya zo daga ƙauye ya riƙe Baba, ina tsaye daga bakin ƙofa ina gaya masa yadda Inna take yi.

Na ɗauki jakarta na bi su. A wurin karɓar baƙi, ƙarƙashin takardun yabo da aka jera cikin gilashi, wata budurwa ta yi min murmushi ta ce, "Hajiya, a nan ba a zaman jinya. Mu muke yin komai. Ku dai ku zo dubiya bayan la'asar."

Na ce, "Ko a ƙasa zan kwanta, ba zan dami kowa ba."

"Doka ce, Hajiya. Don tsafta."

Yaya Alhaji ya ce, "Amarya, mayar da jakar nan gida, kar a yi mana dariya." Har yau Amarya yake ce min.

Aikin da aka yi wa ƙashin ya yi kyau, likitan ya iya aikinsa, wannan ban musa ba. Amma bayan aiki sai kwanciya, kuma kowane mara lafiya a ɗakinsa yake, ƙofa a rufe. Ba maƙwabciyar gado da za ta gani, ba wata Inna da za ta leƙo ta ce a kama a juya. Bayan la'asar kuma ɗakin cika yake da 'yan dubiya. Kuloli a jere, lemo da ayaba, wannan ta fesa turare, waccan ta kawo humra. Kullum Yaya Alhaji da sabuwar atamfa yake zuwa, a lulluɓe ta har wuya, ta yi kyau kamar ranar Idi.

Duk ranar da na shiga, tambayarta ta farko ita ce, "An juya shi?"

"An juya, Inna. Ke fa?"

"Ni ai ina hannun masu ilimi."

Wata rana na ga tana cije leɓe. Na sunkuya na ce ta bari na duba. Ta riƙe bakin zanen gam, ta nuna min ƙofa da ido. Yaya Alhaji ne yake shigowa da baƙinsa.

"Ya yi ƙoƙari," ta raɗa min. "Kar ki sa ya ji kunya a gaban mutane."

Na nemi nas a waje. Yarinya ce, idanunta sun faɗa, tana fita wannan ɗaki tana shiga wancan. Ta ce, "Muna yi, Hajiya, akwai tsari," ta wuce da sauri don ana danna mata ƙararrawa. Na gaya wa maigidana, ya ce, "Yaya ya san abin da yake yi." Iya ma ta gwada. Ta miƙe a tsakiyar ɗaki ta ce, "Maza ku ɗan ba mu wuri, zan gyara ƙawata." Aka yi dariya, aka ce Iya har yanzu ba ta daina mulki ba. Kafin su gama addu'a su fita, an zo an ce lokacin dubiya ya ƙare.

Ina nan ranar da masu duba asibitoci suka zo, da katuna a rataye a wuyansu, shugaban asibitin yana gaba yana nuna musu hanya. Sun murɗa famfo sun ga ruwa. Sun duba abin kashe gobara, sun buɗe firjin magani. Ban ce waɗannan ba su da amfani ba. Wata a cikinsu ta matso da ladabi ta ce, "Hajiya, ana kula da ke?" Ɗanta na fari yana tsaye a ƙafar gadon. Me za ta ce? Ta ce alhamdulillahi. Suka gyaɗa kai suka fita. Atamfar tana nan a shimfiɗe a kanta, ba wanda ya ɗaga ko gefenta.

Daga baya zazzaɓi ya shige ta, ta daina gane mutane. Wata safiya da hantsi aka kira maigidana.

Iya ce ta yi wankan, ni ina zuba ruwa. Da muka juya ta, muka tarar da auduga da filasta sababbi fil a ƙasan gadon bayanta, da ƙugunta, da dunduniyarta. Iya ta ɗaga ɗaya a hankali. Gyambon kwanciya ne, irin wanda ba ya samuwa a kwana ɗaya ko biyu. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Iya ta ce da muryar da ban san ta da ita ba, "Ƙawata, ke da kika juya rabin garin nan."

Ban ce shi ya kashe ta ba. Rai na Allah ne, ya karɓi abinsa. Amma kwana ya ƙare daban, a bar mutum a ɓari ɗaya daban, kuma na gaji da jin ana haɗa su.

Kowa ya san mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Shi ya rufe min baki kwanakin zaman makoki. Sai ana gobe sadakar bakwai maigidana ya shigo ya ce sun gama magana da Yaya. Damina ta faɗi, ƙanin Baba zai koma gona. Tunda ba mai kula da Baba yanzu, za a kai shi asibitin nan ya zauna, an ma riƙe masa ɗaki.

"Ai kin ga yadda suka riƙe Inna," ya ce.

Na gani. Abin da ya hana ni cin abinci ranar ke nan.

Da yamma na je wurin malamarmu ta islamiyya. Ban faɗa mata komai filla-filla ba, na ce mai wanka ta ga wani abu, kuma in ta yi shiru wani mai rai zai cutu. Ta ce, "Abin da aka ce a rufe, aibin mamaci ne. Abin da ta gani, aibin mamaciyar ne?"

Na ce a'a.

"To ta faɗi daidai abin da zai kare mai ran, kar ta ƙara."

Bayan an watse daga sadakar bakwai motar Yaya Alhaji ta tsaya a ƙofar gida. Su biyu suka shiga ɗakin Baba. Tun da na zo gidan nan ban taɓa tsoma baki a maganar 'ya'ya da ubansu ba. Na je na durƙusa a bakin ƙofa, Iya tana tsaye a bayana.

"Yaya, ina da roƙo."

"Amarya, muna sauri."

"Kafin ku ɗauke shi, ku ɗaga rigarsa ku dubi bayansa."

Ya dubi ƙaninsa kamar yana tambaya ko matar nan lafiyarta ƙalau. Iya ta ce, "Alhaji, ɗaga mana. Ni na yanke maka cibiya, ba za ka yi min gardama ba." Suka kama Baba suka karkata shi. Ni na sunkuyar da kai, amma na san abin da suke gani: fata sumul, ba tabo ko ɗaya, a jikin mutumin da ya yi shekaru bai taka ƙasa ba.

"To, lafiya lau yake," in ji Yaya Alhaji. "Sai me?"

Na ce, "Na Inna ba haka yake ba."

Yaya Alhaji ya juyo ya dube ni.

"Me kike nufi?"

"Iyakar abin da aka halatta min ke nan, Yaya."

Ya fara faɗa. Wane asibiti ne a garin nan ya fi shi? Hukuma ba ta zo ta duba a gabansa ba? In da wani abu, don me ita Inna ba ta faɗa ba?

"Gaya wa wa?" in ji Iya. "Kai? Matar da ko sunanka ba ta iya kamawa?"

Ya zauna a bakin gadon ubansa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "To wa zai yi?"

Na ce, "Wanki da abinci da shimfiɗa nawa ne. Zan tsaya a nan na faɗi yadda ake yi. Amma ni suruka ce, Yaya. Mahaifinku ne."

Motar ta koma ba kowa a baya.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Na roƙi Yaya Alhaji ya je ya yi wa masu asibitin magana ko don na gaba, ya ce a bar wa Allah, tonon zai fi yi masa ciwo. Asibitin yana nan da takardunsa a gilashi, kuma wasu daga cikin matan da suka zo gaisuwa har sun fara cewa can za su kai nasu. Kwanakin baya ma daga asibitin aka bugo wa maigidana waya, wata murya mai daɗi ta yi masa ta'aziyya, ta ce suna son jin ra'ayinsa don su ƙara inganta aiki. An tarbe ku da fara'a? Ɗakin yana da tsafta? Abinci yana zuwa a kan lokaci? Duk ya ce e, don gaskiya ne. Na miƙa hannu ya ba ni wayar. Na ce, "'Yata, a cikin tambayoyinki akwai ta juya mara lafiya?" Ta ce babu, amma za ta isar da saƙo. Ban sani ba ko ta isar. Ina dai roƙon duk wadda ta karanta wannan, in ta je dubiyar wanda ya daɗe a kwance, ta ajiye turaren tukuna, ta nemi a ba ta wuri, ta duba. In an hana ta, ta sake nema.

Jakar Inna ta koma ɗakin Baba. Juyin safe da dare na maigidana ne, da hantsi ma ya taso daga kan keken ɗinki ya leƙo. Azahar da la'asar Yaya Alhaji ya ɗauka. Yana baro shagonsa a lokacin da kasuwa ta fi ci, ya shigo yana mita a kan cunkoson hanya, ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙusar da jakar take. Har yanzu bai iya ba. Jiya ina bakin ƙofa ina cewa, "Matashin tsakanin gwiwa, Yaya, a ɗaga dunduniyar," shi kuma ya cusa hannu ya finciko da ƙarfi. Baba, wanda tun rasuwar ba mu ji kalma a bakinsa ba, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"A hankali. Ni ba dilar atamfa ba ne."

Yaya Alhaji ya yi dariya, dariyar ta juye masa ta zama wani abu, ya goge ido da hannun riga. Sannan ya sake kamawa, a hankali.

Allah ya gafarta wa Inna, ya yalwata mata kabarinta, ya sa ta kwanta a kan sauƙin da ta yi ta nema wa wasu. Ga ladan can ya fara kiran azahar. Bari na ɗauko man kaɗanya kafin mutumin Kwari ya iso.